Wasiƙa Ta Huɗu

A Nima ba ma ɗaga kai don jirgi.
Yakan bi ta kan kwanon rufinmu
har cokula su yi rawa a kwando,
mai tallan koko ta haɗiye kiranta,
in ya wuce ta ɗora daga inda ta tsaya.
Ni kaɗai nake ajiye sukundireba
in fito bakin shago
in ƙirga tayoyin da ke leƙowa daga cikinsa.

Maigidana Mutawakilu ya ce:
"Hudu, fanka ma fukafukai gare ta,
gyara wadda ke gabanka."

Na tambayi kuɗin makarantar tuƙi.
Da aka faɗa mini sai na yi dariya
irin ta wanda aka taka wa yatsa a sahu.
Ko Inna ta sayar da tukwanen wakenta duka,
da murhu, da benci, da inuwar da take zama,
ba su kai ni bakin matakala ba.

Sai Baba Imoru, tsohon saje
mai ji da kunne ɗaya,
ya ce a zamaninsu ya ji labarin wata ƙofa:
sojan ko-ta-kwana,
masu aikinsu a gari,
in an busa ƙaho su sa kaki su tashi sama.
"Ko akwai ta, ko babu, ban rantse ba.
Je ka. Matambayi ba ya ɓata."

Wasiƙar farko na yi mata ado kamar rigar salla.
Shiru.
Ta biyu na rage yabo.
Ta uku na haɗa da hoto,
na ari kwat a wurin Sharifu tela,
hannunta ya fi nawa tsawo.
Lambar da aka ba ni kuwa
ta yi ta ƙara kamar a gidan da aka tashi.

Ta huɗu ban ba gidan waya ba.
Na sa ta a ƙirji, na hau torotoro,
na sauka inda Ankara ke yin tsit,
inda ake shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa.

Na ƙofa ya dube ni daga takalmi zuwa hula.
"Wa ka sani a ciki?"
Na ce ban san kowa ba,
amma na san kukan kowane jirginku,
na san wanda ke tari da asuba.
Bai yi dariya ba.
Ya nuna mini benci.

Azahar ta same ni a nan. La'asar ma.
Tururuwa ta gama zagaye takalmina sau bakwai.

Wadda ta fito ba doguwa ba ce.
Hannunta da tabon mai, kamar nawa.
Ta karanta a tsaye, ta ninke,
ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.
Ta ce: "Kowa sama yake so.
Lissafinka fa? Idonka fa?
Ka iya jira ba tare da ka ruɓe ba?"
Ta juya bayan ambulan ɗina
ta rubuta abu biyar da wata guda,
ta ce in na cika su in dawo, in nemi Adiza.

Yanzu in an rufe shago
nakan buɗe littafin lissafin da na binne tun sakandare.
Na manna kalanda a ƙarshen zaure,
in ja baya taku ashirin,
in rufe ido ɗaya da ludayin Inna,
in karanta ƙananan baƙaƙen ƙasa.

Jiya ta leƙo tana neman ludayinta.
Ta tsaya ta dube ni, ta daɗe.
Sai ta ce: "Saura ɗaya idon."