Zanen Aro

Shekara tara ina aron ta maƙwabci.
Daren da Biskit ta kwanta da ciwon ciki,
ƙarfe biyu, iska na jijjiga rufin barga,
na buga wa Orval waya har sau bakwai.
Ashe yana Lethbridge, tirelar na bayan motarsa.
Likitan dabbobi bai iso ba sai asuba.
Goɗiya ta tashi, ni ce ban ƙara barci mai nauyi ba.
Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Sai na fita nema, da sukudireba a aljihu,
da igiyar awo, da tocila,
da tsayin Biskit a rubuce a bayan rasit.

Ta farko sabuwa ce fil, a filin dillali,
alminiyam, har na ga furfurata a jikinta.
Ga ɗakin sirdi, ga fitila a ciki.
Yaron ya faɗi kuɗin yana murmushi
kamar mai gaya mini ƙarfe nawa.
Na shafa ta, na ce madalla, na koma mota.

Ta biyu a Cowley take, a bayan gidan wata mata,
ta sha jan fenti kamar za ta biki.
Fenti ba ya ɗaukar doki.
Na ɗaga shimfiɗar roba, na soka ƙarfena a katako,
ya nutse kamar a dafaffen dankali.
Nan take na hango ƙafar Biskit cikin ramin,
kwalta na gudu a ƙarƙashinta.
Ko kuɗin ban tambaya ba.

Ta uku ta wani tsoho ce, Ansel Hruska,
can hanyar Twin Butte, inda iska ke tanƙwara itace.
Launin toka, tsatsa a gindin tayoyi,
fitilar hagu ta daɗe da mutuwa.
Na kwanta a ƙasa, na haska cikinta:
ƙarfe lafiya, katako ya ƙi sukudireba,
rufi ya ɗara kunnen goɗiyata da taƙi biyu.
Na fara zancen ciniki, ya ɗaga hannu.
Ya ce, "Ba ke za ki hau ba.
Gobe zan jawo ta, mu ji ta bakin mai shiga."

Washegari ya sauke ƙofar baya a bakin bargata.
Biskit ta shinshina, ta yi huci, ta ja da baya.
Minti arba'in muna tsaye,
ragama na hannuna, sanyi na cin yatsuna,
tsoho na ɓare gyaɗa, bai ce uffan ba.
Kofato ɗaya. Ta janye.
Kofato biyu, katako ya amsa da ƙaramar murya.
Sai ta shige gaba ɗaya, kamar dama gidansu ne,
ta kai baki kan sandar gaba
daidai inda wasu haƙora suka riga suka sassaƙe.

"Aikin Kaftin ne," in ji Ansel.
"Shekara ashirin da biyu. Bara ya tafi."
Ya rage mini dala ɗari biyu saboda fitila,
ya shiga ciki, ya ciro tsohuwar ragama daga ƙugiya,
ya cusa a rigarsa, bai dube ni ba.

Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne ja da baya.
Na murza dama, ta nufi hagu.
Na kayar da turken shinge, na take bokiti,
kare ya koma nesa yana kallon ikon Allah.
Sati uku ina koyo a fili, da yamma, ba kowa.

Yanzu tana nan gefen barga, hancinta na kallon titi,
na gyara fitilar, na bar sassaƙen haƙora.
Jiya Orval ya bugo, tayarsa ta fashe,
yana tambaya ko zan ba shi aro.