Mai Gadin da Ba Ya Gyangyaɗi

Ƙarfe biyun dare a Ali Ɗan Sofo.
Wuta ta ɗauke, injin baya ya karɓa da tari.
Ni da butar shayi da rigar sanyi
a ɗakin da muke yi wa ƙarafa fifita,
gari kuwa na kwana tsakar gida don zufa.
Korayen fitilu na ƙyafta ido a jere
kamar kwaɗi a bakin ruwa.

Wata goma sha takwas muna kiwon na'urar nan.
Ba mu kwatanta mata ɓarawo ba,
mu ma ba mu san fuskarsa ba.
Sawun kuɗi kawai muka zuba mata:
jikar da ɗan kabu-kabu ke tura wa uwarsa Tibiri,
miliyoyin alhazai masu jiran kaya daga Kwatano.
Ta koyi Litinin, ta koyi Juma'a,
ta gane azumi na mai da dare rana,
ta san watan da gyaɗa ke cika kasuwa.

Haka kakata Tabawa take da jajayen awakinta.
Ba ta ƙirga su.
Da yamma sai ta tsaya bakin garke, ta karkata kai,
ta ce: waccan, ba tafiyarta ba ke nan.
Tun akuyar ba ta soma ramewa ba
Tabawa ta riga ta jiƙa saiwa.

Bara na'urar ta kama wani mai haƙuri,
dala ɗaya yake tsinka a kowane asusu,
kamar gara cikin azara.
Mu goma sha ɗaya masu albashi
ya bi ta gabanmu wata huɗu, ba wanda ya ji motsi.
Ita ta ji. Ranar har da tsire Sanusi ya saya wa kowa.

Yau kuma ga ja.
Biyu da minti goma sha bakwai,
aike ɗari huɗu da sha biyu cikin awa guda,
daga Arlit, daga Agadas, daga Sabha, daga Abijan,
duk sun nufi rumfa ɗaya bayan Madarunfa,
rumfar Ma'azu mai cajin waya,
wanda ko ranar jajibere bai wuce aike talatin.
Doka ta ce a rufe, a yi bincike da safe.
Yatsana na kan maɓalli. Sai na ɗauki waya.

Ya amsa, amma iska na fara ji,
da muryar mata, da kukan jaki.
Ya ce: Gulbi ya shigo gari, malam,
rumbuna sun tafi, muna kan tudun makaranta.
'Ya'yanmu ne na nesa suka ji.
Don Allah kar ku tsai da komai.
Na janye yatsa.
Shayin ya huce, ban ko lura da hucewa.

Yanzu tana jiran darasi, kamar kullum.
Gurbi biyu ta buɗe mini:
sata ce, ko kuskurena ne?
Ba ki yi kuskure ba, 'yar nan,
garin ya canja tafiya, kin kuma gani.
In na ce sata, baɗi ki rufe ƙofa
a fuskar masu miƙo hannu.
In na ce ba komai,
kin koyi ke nan cewa ambaliya ba abin damuwa.

Na bar gurbin a buɗe.
Ladanin Bagalam ya gyara murya.
Na zaro wayata, na tura jika biyar rumfar Ma'azu.
Nan take wata fitila ta yi ja,
da sunana a gefe:
wannan mutum bai saba kyauta da asuba ba.

Gaskiyarki.
Tabawa ma da haka za ta ce, tana murmusawa.