Agarar Kibiya

Tun ladan bai sauko ba na gane,
ba da haniniya ba, da shirun da ta yi.
Goɗiyar da ke tonon ƙasa in na makara da harawa
yau ta tsaya a kan uku,
ta huɗun ta ɗosana ta kamar mai tsoron ƙaya.

Na shafo daga gwiwa na gangaro.
Bayan sangali zafi rau, kamar gefen murhu,
kumburi ya tanƙwaro kamar baka.
Shekara talatin ina shara a bargar Bompai,
hannuna ya riga bakina sanin labari.

Da Baba na raye da tuni ya hura gawayi,
ƙarfe ya yi ja, ya ja mata zane uku,
lalas, man shanu da kanwa, sai addu'a.
Wasu sun miƙe a hannunsa.
Wasu motar kudu ce ta kwashe su da dare,
ba a cika ba da labarin waɗannan ba.

Alhaji Sammani ya bugo waya:
"Asabar akwai holo, Inusa, ka san yadda za ka yi."
Na ce to. Me ɗan barga zai ce?

Da hantsi Dakta Rumasa'u ta iso daga Gwale,
a adaidaita, da akwati a cinya.
Ba ta taɓa ƙafar ba tukuna.
Ta ce, "Ja ta a kan kwalta, sassarfa, ka je ka dawo."
Na ja ragama, muka tafi, muka juyo.
Ta ce, "Dubi kanta. In hagu ta sauka sai ta ɗaga shi,
in dama ta sauka sai ta sunkuyar.
Doki ba ya ƙarya, da wuya yake magana."

Ta matse kofato da awartaki, Kibiya ko gezau.
Ta naɗe gaɓar, ta riƙe tana ƙirga minti,
ta saki, ta ce in sake gudu.
Sannan ta aske gashin, ta shafa wani mai sanyi,
ta ɗora na'ura, allo ya kawo haske.
Na ga zare zare, fari, a jere kamar saƙar Ƙofar Mata kafin rini,
a tsakiya kuma wani baƙin rami.
"Nan ta tsinke," in ji ta. "Gaɓar lafiya lau. Agara ce."

Na ce, wuta fa?
Ta ce, "Wuta na cikin ƙafar, Baba, ba ma ƙara mata.
Ƙanƙara safe da yamma, minti ashirin.
Bandeji daga sama zuwa ƙasa, kada ya shaƙe.
Ga allura ta kwana biyar.
Turke wata guda, sai tattaki a hannu,
minti biyar, sannan goma.
Sirdi kuwa, sai gero ya nuna an yanke."

Ita ta karɓi wayar Alhaji.
Ban ji duka ba, na dai ji ta ce,
"Asabar ɗaya ko shekara takwas, zaɓi naka ne."

Tana rufe akwati ta kalle ni ƙasa ƙasa.
"Sau huɗu kuka wuce ta gabana,
guragu biyu na ƙirga.
Wannan gwiwar taka tun yaushe?"
Na ce tun wani akawal da ya harbe ni, an daɗe.
Ta ce, "Dala ba ta da nisa. Ka je a duba."

Yanzu kullum asuba ina Yankura wajen masu ƙanƙara,
dutse biyu a buhu, a bayan keke, yana ɗiga.
Ɗaya da rabi nata.
Rabin da ya rage, in ba kowa a bargar,
in zauna kan bokiti in nannaɗe wando.
Kibiya ta juyo ta dube ni,
ta hura hanci, ta ci gaba da dusarta.