Aya ta Huɗu

An ba ni daftarin doka in mayar da shi Hausa
kafin Litinin, in ji shugaban kwamiti,
don a karanta wa mutane a rediyo.
Na zauna da shi a Bukoki daren Asabar,
wuta ta ɗauke, fitilar waya jingine da butar ruwa.

Aya ta ɗaya ba ta ba ni wuya ba.
Duka duka ne, mari mari ne.
Karayar hannu tana da suna tun kaka da kakanni,
likita ya duba ya buga hatimi,
komisariya ta karanta ta gane.
Ta biyu da ta uku na tsallake su kamar kwata.

A ta huɗu alƙalami ya ƙi tafiya.

Faransanci ya faɗi abin da kalma biyu, ya kama bakinsa.
Na rubuta "mallaka", na goge:
a bakin mutanenmu aikin boka ne, kuma mace ake zargi.
Na rubuta "takurawa", ta yi sauƙi,
takalmi ma yana takura.
"Tsaro" kuwa, wani zai ɗauka yabo ne.
"Kulle", za a tashi tsaye kafin in kai ƙarshen jimla.

Ranar muhawara wani wakili ya naɗe hannun riga:
Ina jinin? Ina kumburin?
Da wane ma'auni alƙali zai auna abin da ido bai gani ba?
Lauya Zuwaira ta ce, Ranka ya daɗe,
akuyar da ta shekara goma a turke,
ko an kwance igiya, ba ta wuce inda igiyar ke kaiwa.
Aka yi dariya.
Aka tafi shan ruwa.

Yayata Barira tana Lazare.
Sallau bai taɓa ɗaga mata hannu ba, unguwa shaida ce.
Yana dai ja layi da biro a jikin galan ɗin mai,
ya dawo da magariba ya duba.
In zai fita ya share yashin ƙofar gida sumul,
don ƙasa ta gaya masa wa ya shigo.
Kekenta na ɗinki yana nan, an lulluɓe shi da zane,
allurar ce take cikin walat ɗinsa.
Da innarmu ta rasu a Tawa
sai bayan sadakar uku ta ji,
wayarta na aljihunsa a Katako tana ta kuka.
Ka tambaye ta, lafiya lau, sai godiya.
Amma tana gane babur ɗinsa tun daga kwana,
dariya ta mutu mata a tsakiyar baki.

To, wannan me sunansa?
Wace aya ce za ta ɗauki allura a matsayin shaida?

Tasalla ta kawo mini shayi, ta tsaya a bakin ƙofa.
Gobe sunan ɗiyar ƙawarta a Harobanda, ko zan...
Ba ta ƙarasa ba.
Ta dubi fuskata yadda manomi ke duban gabas.
Na ce, mu gani.
Kullum haka nake cewa.

Na buɗe jaka neman ƙamus,
yatsana ya taɓa katinta na ɗan ƙasa.
Shekara uku ke nan yana wurina, wai don kada ya ɓace.
A hoton tana kallon mai ɗauka ido cikin ido.
Na manta ta iya wannan kallon.

Ladan ya kira assalatu, aya ta huɗu fili ce fetal.
Na fita tsakar gida, tana hura gawayi,
na ajiye katin a kan tabarma kusa da ƙafarta.
Ta dube shi, ba ta taɓa ba.
Ta ce, Malam, laifin me na yi?