Ɗakin Darma a Kaohsiung

Shekara talatin babana yana jan tirela
daga bakin teku zuwa arewa,
yana taunar binlang don kada barci ya sace shi.
Jan yawunsa ya rina ƙofar motar.
Yanzu bashin ya biyo shi gida,
ya tare a gindin harshe, ya ƙi tashi.

An yanka. An gasa. Ya sake tofowa.

Likita Yen ba ta yi mana alkawari ba.
Ta ce gwaji ne, mu karanta kafin mu sa hannu.
Ta ce akwai wani ɗan aike, ido ba ya ganinsa,
ya san ƙofar ciwon yadda kiyashi ya san zuma.
Zuwan farko fitila zai riƙe.
In ya gane gidan,
a mayar da shi da garwashi.

Maganin ba ya jiran kowa.
Da asuba aka haɗa shi, tun a hanya yake raguwa
kamar ƙanƙara a tafin yaro.

A gilashin na'ura na ga wuyan babana:
ɗigo huɗu suna ci bal-bal,
na biyar can ƙarƙashin kunne,
inda ba wanda ya taɓa zato.
Ya jawo allonsa, tunda murya ta tafi, ya rubuta:
Sai ka ce tasha da dare.

Ranar garwashi aka kai shi ɗakin darma.
Akwai layin rawaya a ƙasa, nan ƙafata ta tsaya.
Romon kifin da na dafa
a kan tire aka tura masa.
Ya ɗago allon yana murmushi da rabin baki:
Na ɗauko kaya mai haɗari. Ba ni tazara.

Kwana bakwai bai ɗauki jikarsa ba.
Mei-chiao ta yi ta ɗaga masa hannu ta waya.

Bayan mako shida aka sake aiken mai fitila.
Biyu sun mutu. Ɗaya ya dushe.
Biyu suna nan, ba su ko ƙifta ba.
Likita ta ce akwai zuwa na gaba.

A hanyar gida wata tirela ta sha gabanmu ba sigina.
Babana bai nemi allo ba.
Daga can ƙasan maƙogwaro, a shaƙe,
ya zage ta.