Littafin Cikina

Ƙarfe huɗun asuba a Leicester
na ajiye tasi, na kashe fitila,
wutar cikina kuwa ta ƙi mutuwa.

Likita ta ce in rubuta duk abin da na ci.
Na sayi ɗan littafi a shagon Ba'indiye,
na zama alƙalin kwanona.
Litinin: kilishi, kwana zaune.
Talata: shayi kofi uku, garwashi a ƙirji.
Laraba ban rubuta ba, kunya ta hana.

Ladidi ta ɓoye kwalbar yaji
bayan buhun shinkafa, wai ban gani ba.
Yanzu sai miyar kuɓewa ba attaruhu,
dafaffen kifi, kunun gero,
kaɗan-kaɗan sau biyar, kamar kaza mai kiwo.
Da la'asar na zaga Spinney Hill da laima.

Ranar sunan ɗan Maikuɗi
ƙamshin tsire ya kira ni da sunan yarinta.
Na kakkaɓe yajin tsaf.
Na rubuta: Asabar, rabin tsinke, barci lafiya lau.

Da safe na ga jan biro a ƙasa:
"Ƙarya ne, biyu ya ci."