Arba'in da Bakwai

Cikin gwangwanin biskit na Inna Cima,
ƙarƙashin maɓallai da guntayen zare,
akwai karta arba'in da bakwai.
Da can arba'in da takwas ne.

Kowace ba ta fi kwalin ashana ba,
baya baƙi, ciki fure,
mai kauri kamar ɓawon ƙwarya.
In an buga ta bisa tabarma sai ta ce ƙas!
kamar an karya gyaɗa da haƙori.

Humiko ta bar su.
Shekara biyu ta yi a Bagalam
tana koya wa mata gyaran keken ɗinki,
hannunta duk baƙin mai,
Hausarta tsinke-tsinke.
Bayan isha'i ta kan zauna gefen fitila
ta jera mana shekarar ƙasarsu:
wata goma sha biyu, kowane da furensa,
kowane fure da 'ya'yansa huɗu.

Sunayen ba su kwana a bakinmu ba,
sai muka raɗa musu namu.
Dogon tsuntsun nan gaban jar rana, gauraka.
Mai gurnani cikin ciyawa, gadu.
Ga barewa ta waiwayo,
ga malam-buɗe-littafi biyu bisa jan fure,
ga dinya uku sun ratsa sama.
Ƙaramin ƙoƙon giya kuwa
Inna ta ce na kunu ne, magana ta ƙare.

Rigima ɗaya aka yi, kan mai laima,
wani tsoho tsaye cikin ruwan sama,
kwaɗo na tsalle gabansa.
Humiko ta ce ruwa na rage masa daraja,
shi ne ƙarami cikin manya biyar.
Kawu Nomau, da gerons­a ya ƙone a tsaye bara waccan,
ya aje goronsa ya dube ta.
"Ɗiyata, wanda ruwa ya daka
shi za a rage ma?
Nan Maraɗi ne."
Daga daren nan mai laima ya hau kan kowa,
ita ma ta bi, tana dariya da hannu a baki.

In ka haɗa hannu mai kyau, zaɓi biyu gare ka:
ka tsaya ka kwashe ƙwallayen dabino,
ko ka ce a ci gaba.
Kalmar tasu a kunnenmu ƙwai-ƙwai ce.
Muka ce ai daidai,
abin da ke hannunka ƙwai ne,
kana iya samun kaza, kana iya wanke zane.

Wadda ta ɓata ita ce farin wata,
cikakke, bisa baƙin tudu, sama ja wur.
Na girma ina zargin akuyar Barira.
Sai bana, ina sa mata zare a allura,
Inna ta ce, ba ta ko dube ni ba:
"Ni na sa shi aljihun jakarta a tasha.
Na ce wanda ya tahi da watan mutane
dole ya maido shi."

Wasiƙa huɗu suka zo.
Ta biyar muke jira
tun shekarar da rediyo ta ce
teku ya hau tudu a ƙasarsu.

Ma'azu ya yanka kwalin sukari,
ya zana wata da biro, ya shafa jan farce.
Bayansa fari ne, ba ya ɓoyuwa,
duk mai riƙe da wata kowa ya san shi.

Jiya ya faɗo hannun Inna.
Ta haɗa gauraka, ta haɗa mai laima,
dabinon gaba ɗaya nata ne in ta so.
Lantarki ya ɗauke, muka kunna waya.
Ta daɗe tana shafa kwalin da babban yatsa.
Sannan ta ce,
ƙwai-ƙwai.